Jitata tana ƙugi, kiɗana kuma ba ya bin fiyano: ina gyaran yake?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Gumel, shekarata biyu ina koyon jitar lantarki. Ta hannu na saya a Kano, irin mai fikof uku, tare da ƙaramar amfilifaya. Matsalata biyu. Ta farko, muryarta ba daɗi: ga ƙugi in an tayar da janareto, in kuma na jona ta a kayan sautin mai DJ a wurin biki sai ta koma kamar ana kaɗa gwangwani. Ta biyu, in ni kaɗai nake kiɗa irin na mutanen Agadas komai lafiya, amma da zarar mai fiyano ya fara sauya kod sai in ɓace, wani wuri ya dace, wani wuri ya yi tsami. Jitar ce ba ta da kyau in tara kuɗi in sauya, ko feda zan saya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin tambayarka, domin ka faɗi abin da kake ji dalla-dalla, kuma duk wanda ya iya gane cewa wani wuri ya yi tsami, kunnensa ya riga ya buɗe. Abin da kake son sani shi ne ko kuɗi ne zai raba ka da matsalolin nan biyu, na sabuwar jita ko na feda, wato 'yar na'urar da ake takawa da ƙafa don sauya muryar jita. Shawarata ka riƙe kuɗinka tukuna. Na daɗe ina kaɗa jita a wuraren biki da ɗakunan ɗaukar waƙa, kuma cikin jitocin da samari suke kawo mini suna cewa sun lalace, kaɗan ne ƙwarai na samu da ciwo na gaske. Yawanci tsirkiya ce ta mutu, ko waya ta tsinke daga ciki, ko ƙura ta cika maɓallai, ko an murɗa amfilifaya yadda bai kamata ba. Matsala ta biyu kuwa, ta sauyin kod, wato tarin sautukan da mai fiyano yake dannawa tare, ko jitar miliyan ka rungume tana nan daram, don a kunne da yatsu take.

Fara da jitar kafin ka jona ta

Tsirkiyar ƙarfe tana karkarwa a saman fikof, shi kuwa fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Karkarwar nan ce take haifar da 'yar wuta kaɗan, ta bi waya zuwa amfilifaya, ita kuma ta ƙara mata ƙarfi ta miƙa wa lasifika. Abin da aka ba amfilifaya shi take ƙarawa, mai daɗi ko marar daɗi. Saboda haka zauna a ɗaki da dare bayan gari ya yi tsit, ka kaɗa jitar ba tare da ka jona ta ba. Bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka saurari tsawon lokacin da kowace take ɗauka kafin ta yi shiru. In ta yi tuf ta mutu nan take, ko tana ziza a kan ƙarafunan wuya, ka san inda gyara zai fara.

Tunda ta hannu ka saya, ina kyautata zaton tsirkiyoyin da ka same ta da su ne a kai har yau, sai dai wadda ta tsinke ka musanya. Sa farcenka a ƙarƙashin ta uku, in ka ƙirga daga mafi siranta, ka ja daga sama zuwa ƙasa, ka ga baƙin dattin da zai biyo ka. Zufa da ƙura ne, kuma su ne suke dishe murya, har su hana jita zama a saiti. In ka shiga Sabon Gari a Kano, sayi cikakken ƙunshi, mai lamba 9 zuwa 42 ko 10 zuwa 46. Na farko ya fi laushi a yatsa da sauƙin lanƙwasawa, na biyu ya fi kaurin murya. Tunda kana nesa, sayi biyu ka ajiye ɗaya a leda ɗaure. Kuma duk lokacin da ka gama kiɗa, goge su da busasshen tsumma, sama da ƙasa. Wannan ɗan aikin na minti ɗaya yana ƙara musu kwana sosai.

Yanayinmu ma yana taɓa jita. Da hunturu katako yana bushewa ya tsuke, har ka ji bakin ƙarafunan wuya suna kartar tafin hannunka. Da damina tsatsa ce. Da bazara kuwa, ɗakin kwano da rana tsaka ba wurin jingine jita ba ne. Sa ta a jakarta, ka kwantar a wuri mai sanyi nesa da bango mai shan rana. In hunturu ya tsananta, nakan sa ɗan soso mai laima a cikin robar sabulu mai huji, in jefa a jakar, ba tare da ya taɓa katakon ba.

Sai wuya. Tazarar da ke tsakanin ƙarafunan nan ita nake kira gida, ana ƙirgawa daga kan jita zuwa cikinta. Ka sa wani ya danne maka tsirkiya ta shida, wato mai kauri, a gida na 1, kai kuma ka danne ta a gida na ƙarshe, sannan ka leƙa wajen gida na 8. Ya kamata a ga 'yar tazara tsakanin tsirkiya da ƙarfe, kamar kaurin katin waya na takarda. In ta fi haka sosai, wuya ya yi baka. In babu ko kaɗan, ziza za ta yi yawa. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake murɗawa da alanki, ɗan makullin nan na makanikai. Kada ka wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya, ka bar ta ta kwana kafin ka sake aunawa, in kuma ka ji ta cije, tsaya, kada ka yi mata ƙarfi.

Akwai wani gwaji da ya shafi tsamin da kake ji kai tsaye. Sa manhajar saita jita a wayarka, ka tabbata sautin da ake kira A yana kan lamba 440. Saita tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a gida na 12. Dole allura ta nuna harafi ɗaya kuma ta tsaya tsakiya. In ta haura sama, ja ɗan sirdin da tsirkiyar ke zaune a kai baya, nesa da wuya. In ta gaza, matso da shi gaba. Mutane da yawa suna zargin yatsunsu alhali jitar ce take ƙarya daga gida na 7 zuwa sama. Daga nan duba tsayin fikof: danne gida na ƙarshe, tazarar da ke tsakanin tsirkiya da kan maganaɗisu ta kasance wajen milimita 2 zuwa 2 da rabi. In ya matso da yawa, maganaɗisu yana jan tsirkiyar, murya ta riƙa rawa. In ya yi nisa, ta yi rauni.

Ƙugi da janareto

Jita mai fikof uku sirara an kwaikwayo ta ne daga Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954. Irin wannan fikof yana da murya garau, amma yana kama duk wata hayaniyar lantarki da ke kusa kamar eriyar rediyo. Wutarmu a Najeriya tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kai da komon ne kake ji a matsayin ƙugi. Matsalar tsohuwa ce, ita ta sa a 1957 kamfanin Gibson ya fara sa wa jitocinsa fikof mai naɗi biyu wanda Seth Lover ya ƙera, naɗi ɗaya yana kashe ƙugin ɗayan. A taka jitar, makunnin zaɓen fikof yana da matsayi biyar. Na 2 da na 4 suna haɗa fikof biyu, kuma a jitoci da yawa hakan yana rage ƙugi ƙwarai. Gwada su. Sannan ka tsaya da jitar a rataye, ka juya jikinka a hankali kamar mai neman tashar rediyo. Za ka sami fuskar da ƙugin ya faɗi. A nan za ka tsaya ka yi kiɗa.

Yanzu ɗora hannu a kan tsirkiyoyi ka saurara. In hayaniyar ta ragu, wayar ƙasa ta cikin jitar tana aiki. In kuwa ta ƙaru, mai yiwuwa an juya wayoyi biyun da ke bakin jak, wato ramin da ake cusa waya a jikin jita, aikin dalma ne na minti biyar a wurin mai gyaran rediyo. In kana murɗa maɓalli kana jin ƙaras-ƙaras, ƙurar hunturu ce, akwai maganin fesawa na wanke maɓallan lantarki, kada ka ɗiga masa man inji ko kananzir. Girgiza wayar jita kusa da kawunanta biyu. In ta yi tsawa, ta tsinke a ciki. Sayi mai kauri wadda ba ta wuce mita 6 ba, domin doguwar waya tana shanye kaifin murya. Cajar waya mai arha da wasu ƙwayayen fitila su ma suna zuba tsuwwa a layi, don haka kada amfilifayarka ta raba soket da cajar mutanen biki guda goma. Matsar da janareto nesa, kuma kada wayar jita ta kwanta a jikin wayar wuta.

Abu ɗaya a nan ba na wasa da shi. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta hanyar waya. Wata damina a wani biki, ƙasa a jiƙe, hannuna na kan tsirkiya na matso da baki kusa da makirufo, wuta ta fizge ni a leɓe har sai da na ga haske. Allah ya kiyaye. Tun ranar ba na tsayawa a danshi, ina sa takalmi mai kaurin roba, in tsaya a kan busasshen katako, kuma ba na yarda a karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket. In ka taɓa jin tsirkiya tana ɗan cizonka, cire komai nan take ka kai wa mai gyara. Kada ka buɗe cikin amfilifaya da kanka, akwai kayan da suke riƙe wuta ko bayan an cire ta daga soket.

Abin da ya sa take zama gwangwani a wurin biki

Dalili biyu ne. Na farko, ramin da ke jikin amfilifayar jita an yi shi ne don ya karɓi raunanniyar wutar fikof ba tare da ya danne ta ba. Ramukan mikisar mai DJ kuwa don makirufo da fiyano aka yi su, in ka cusa jita kai tsaye sai ƙarfinta da hasken muryarta su zube. Na biyu, lasifikar jita da gangan ba ta fitar da sauti mai tsananin kaifi, tana yanke shi, ita kuwa ta DJ tana da ƙaramar lasifika ta musamman don wannan kaifin. Shi ya sa in ka ƙara wa jita kaushi ka tura ta can, sai ka ji kamar taron ƙudan zuma a cikin garwa. Mafita mafi arha tana hannunka: tafi da ƙaramar amfilifayarka, ka kafa makirufo dab da lasifikarta, a ɗan gefe da tsakiya, a tura wannan zuwa mikisa. In wata rana kuɗi sun samu, a nan ne feda take da amfani, irin mai sautuka da yawa da ke kwaikwayon lasifikar jita, kamar ƙananan na kamfanin Zoom masu aiki da batir. Batir ɗin ma alheri ne, yana raba ka da dattin wutar janareto.

Game da murɗa amfilifaya, mayar da Bass da Middle da Treble, wato maɓallan ƙasan sauti da tsakiyarsa da samansa, duka tsakiya, ka sauke Gain, maɓallin kaushin murya, ƙasa, ka ɗaga Volume har ka ji kanka sosai, sannan ka riƙa ƙara Gain kaɗan-kaɗan har murya ta fara ɗan kauri in ka buga da ƙarfi. Tsaya a nan. Kuskuren da kusan kowa yake yi, ni ma na yi shi shekaru, shi ne cika Bass da Treble a rage Middle, saboda a ɗaki kai kaɗai hakan ya fi daɗi. A fili kuwa, ƙasan sauti na ganga ne da hannun hagun mai fiyano, samansa na kayan ƙarfe ne masu kacau-kacau, wurin zaman jita tsakiya ne. Wani dattijo mai kalangu ne ya fara ankarar da ni a wani biki a ƙasar Ringim, bayan mun tashi ya ce mini yana ganin hannuna yana ta motsi amma bai ji abin da nake faɗa ba. Washegari na ɗaga Middle, na rage Gain da rabi, ban ɗaga Volume ko kaɗan ba, amma har na bayan fili suka ji ni. Kuma ɗora amfilifayar a kan benci ta fuskanci kunnenka. In tana ƙasa, gwiwoyinka ne suke jin kaifin, kai kana ta ƙara Treble, mutanen da ke zaune a gaba suna toshe kunne. Maɓallin amsa-amo kuma a sa shi kamar gishiri a miya.

Sauran muryar a hannun dama take. Buga kusa da sirdi, ka ji ta yi kaifi kamar kuntigi. Matsa kusa da wuya, ka ji ta yi taushi da zurfi. Sassauta riƙon robar kiɗa, kada ka shaƙe ta. Gefen tafinka ya riƙa kwanciya a kan tsirkiyoyin da ba ka bugawa don su yi shiru. Yi minti goma kullum kana buga sauti ɗaya tak, a hankali, da ƙarfi, kusa, nesa, har hannunka ya san muryoyi nawa ne a wuri guda.

Inda tsamin yake fitowa

Kiɗan da ka saba da shi, na su Bombino da Mdou Moctar a Nijar, ko na marigayi Ali Farka Touré a Mali, galibi yana zaune ne a kan tushe ɗaya ko biyu, mai jita yana yawo a kan sautuka biyar yana komawa gida. Kunnenmu ya san wannan tun muna goye, domin goge da garaya da gurmi a kan irin wannan tsari suke tafiya, kuma marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ya riƙe duniya. Don haka abin da ka koya jari ne babba, kada ka raina shi. Abin da ya sauya shi ne mai fiyano yana ɗauke tabarmar da kake zaune a kai duk bayan bugu huɗu ya shimfiɗa wata. Sautin da ya zauna daidai a tabarmar farko yana iya zama a kan ƙaya a ta biyu.

Mu ɗauki jerin da za ka yawaita ji: Am, F, C, G. Haruffan nan sunayen sautuka ne, kowane kod kuma sautuka uku ne, yana ɗaukar sunan na farkonsu; mai 'm' shi ne ƙarami, marar 'm' babba. Am yana da A, C, E. F yana da F, A, C. C yana da C, E, G. G yana da G, B, D. Sautuka biyar ɗin da kake bugawa a gida na 5 zuwa na 8 su ne A, C, D, E, G. Duba da kyau: dukkan 'ya'yan Am suna ciki, dukkan na C suna ciki, shi ya sa a kansu kake jin daɗi. Amma babu F, babu B. Lokacin da fiyano ya koma F, in ka tsaya a kan E, tsirkiya ta biyu gida na 5, kana goga da F wanda gida ɗaya ne kawai tsakaninku. Lokacin da ya koma G, in ka daɗe a kan C, kana goga da B. Tsamin ke nan. Wucewa ta kansu da sauri ba laifi, zama a kansu ne yake cizo.

Gyaran bai kai yadda ake tsoro ba. Yatsa ɗaya ne zai matsa gida ɗaya. F yana tsirkiya ta biyu gida na 6. B yana tsirkiya ta uku gida na 4, ko ta farko gida na 7. Abin da nake so ka riƙe shi ne: a bugun farko na kowane sabon kod, ka sauka a kan ɗaya daga cikin 'ya'yansa uku. Tsakanin nan da sauyi na gaba, yi yawonka a sautuka biyar ɗinka yadda ka saba. Kuma cikin ukun, na tsakiya ya fi bayyana kod, wato C a kan Am, A a kan F, E a kan C, B a kan G. In ka sauka a kansu, ko an kashe fiyano mai saurare zai ji sauyin a cikin jitarka.

Ga hanyar da za ka gan su da ido. A tsirkiya ta uku, ta biyu da ta farko, danne gida 5, 5, 5: Am ke nan. Matsar da ta biyu kawai zuwa 6, ya zama 5, 6, 5: F. Koma 5, 5, 3: C. Sannan 4, 3, 3: G. Duka a tafin hannu ɗaya. Waɗannan ƙananan siffofi su ne duwatsun da za ka taka ka haye rafi, kuma su ne mafi daɗin rakiya a bayan mawaƙi, don ba sa cushe wa mai fiyano wuri.

Akwai kod ɗaya da yake kama kusan kowa. A waƙoƙin da ke zaune a Am, musamman masu ɗanɗanon Indiya ko Larabawa, mai fiyano yakan shigo da E babba kafin ya koma gida. 'Ya'yansa E, G#, B. Kai kuma kana da G a hannunka, gida ɗaya ƙasa da G#. Duk lokacin da ka ji wannan kod, ɗaga G ɗinka gida ɗaya: tsirkiya ta farko gida na 4, ko ta huɗu gida na 6. Siffarsa a tsirkiyoyi ukun nan 4, 5, 4. Daga G# ka zame zuwa A daidai lokacin da Am ya dawo, za ka ji yadda waƙar take sauke numfashi.

Kafin ka zargi kanka kuma, binciki mai fiyanon. Da yawansu a wuri ɗaya suka iya bugawa, sai su danna maɓallin da ke ɗaga ko sauke sautin fiyano gaba ɗaya don ya dace da muryar mawaƙi. Zai ce maka a C yake, yatsunsa kuwa a C suke, amma abin da ke fita daga lasifika D ne ko wani. Leƙa allon fiyanon, ko ka ce ya riƙe kod na farko, ka bi tsirkiya ta shida gida-gida har ka sami wanda ya narke a cikinsa.

Yadda za ka yi atisaye a gida

Ba ka buƙatar komai sai wayarka. Ɗauki kanka kana buga Am da F kawai, bugu huɗu-huɗu, a hankali kamar tafiyar raƙumi, na minti biyar. Kunna, ka buga sauti ɗaya tak a kan kowane kod ka riƙe shi: E a kan Am, F a kan F. Zai yi maka kamar wasan yara, amma daure ka yi kwana uku a haka, har kunnenka ya fara jin sauyin yana tahowa kafin ya iso. Sannan ka ƙara sauti ɗaya kafin saukar, daga gida na sama ko na ƙasa. Sannan biyu. Sai bayan mako biyu za ka ƙara C da G. Masu garaje su ne suke shekara biyar suna gudu sama da ƙasa a wuyan jita ba su san a kan wane kod suke ba.

Abin da ya fi taimaka mini duka shi ne rerawa. Kafin ka buga jimla, rera ta da baki, sannan ka nemo ta a tsirkiya. Abin da bakinka ya kasa rerawa, yatsa ne kawai yake yawo. Mu kuma muna da gata a nan, domin harshenmu da kansa yana hawa yana sauka, shi ya sa kalangu yake kiran sunan mutum a tsakiyar taro ya waiwayo. Ɗauki gaisuwa, ko kirarin garinku, ko sunan amarya, ka sa jita ta faɗe shi da hawansa da saukarsa da tsawon gaɓoɓinsa, ka tabbata gaɓar ƙarshe ta faɗa a kan ɗan kod. Daga nan jimlolinka za su fara yin numfashi. Ka kuma tuna yadda makaɗan fada suke yi: uban waƙa ya jefa baiti, ya yi shiru, 'yan amshi su karɓa. Buga jimla a kan Am da F, ka bar C da G su wuce ba ka ce komai ba, ko ka amsa wa kanka da ƙaramar murya a ƙasa. In mawaƙi yana rerawa, kai ɗan amshi ne, jira ya ja numfashi sannan ka shiga.

In ka faɗa kan sauti mai tsami a gaban jama'a, kada ka ɗauke hannu a firgice. Wanda ya dace yana gida ɗaya ko biyu daga inda kake. Zame zuwa gare shi a cikin kiɗa, kada ka saki bugu. Mutane sun fi saurin jin wanda ya karya bugu a kan wanda ya goga sauti.

Ban riƙe jitarka a hannuna ba, don haka in ka sauya tsirkiya da waya ka gyara wuya amma wani fikof ya yi rauni fiye da 'yan'uwansa, ko wasu gidaje suna mutuwa, sai an gani da ido. Kuma abin da na ba ka na waƙoƙi ne masu kod uku zuwa biyar, irin waɗanda muke haɗuwa da su a biki. Kiɗan jaz mai sauya kod duk bugu biyu karatu ne na daban mai tsawo, ko da yake a kan wannan tushen yake farawa. In ka cika mako biyu a kan Am da F, ɗauki minti ɗaya a waya ka turo mini, ka faɗa mini a wane matsayi makunnin fikof yake, ina Gain da Middle suke, da kuma ko janareto yana aiki lokacin da ka ɗauka.